Auren jinsi a zaɓen shugaban ƙasar Amurka: wa ya ce me, kuma yaushe ya sauya baki?

Duk lokacin da zaɓen Amurka ya ƙarato, gardamar takan iso har teburin mai shayi da zaurukan WhatsApp. Wani ya ce wane ne ya kawo auren jinsi, wani ya rantse wane zai soke shi ranar da ya hau mulki. Yawancin masu gardamar sun riƙe guntun labarin ne. Ga tambayoyin da aka fi yi, da abin da 'yan takarar suka faɗa da bakinsu, da abin da suka aikata bayan sun samu kujerar.

Shugaban ƙasa ne yake halatta aure ko haramta shi a Amurka?

A'a. Dokar aure ta jihohi ce, kuma takardar ɗaurin aure a ofishin magatakardan ƙaramar hukuma ake karɓarta. Hannun shugaban ƙasa yana shiga ne ta ƙofa uku: alƙalan da yake naɗawa a Kotun Ƙoli, waɗanda ke zama a kujerar har sai sun mutu ko sun yi murabus, dokokin da yake sa wa hannu, da kuma umarnin da yake ba Ma'aikatar Shari'a kan wace doka za ta kare a gaban kotu. Idan ɗan takara ya yi alƙawarin abin da ya wuce waɗannan ukun, romon baka ne.

Yaushe maganar ta shiga siyasar zaɓe?

A 1996, kuma ɗan Democrat ne ya fara toshe ƙofar. Bill Clinton yana neman wa'adi na biyu lokacin da majalisa ta kawo masa dokar kare aure, wadda ake kira DOMA. Dokar ta ce gwamnatin tarayya ba ta san wani aure ba sai na namiji da mace, kuma babu jihar da za a tilasta wa amincewa da auren jinsin da aka ɗaura a wata jiha. Sanatoci 85 suka amince, 14 suka ƙi. Joe Biden yana cikin 85 ɗin, John Kerry yana cikin 14. Clinton ya sa hannu a watan Satumba, saura 'yan makonni a kaɗa ƙuri'a.

Abin ya yi zafi ne a 2004. Kotun jihar Massachusetts ta halatta auren a ƙarshen 2003, aka fara ɗaurawa ranar 17 ga Mayun 2004. George W. Bush ya fito ya nemi a yi wa kundin tsarin mulkin ƙasa gyara don a haramta shi ko'ina. Gyaran kundin Amurka kuwa sai da kashi biyu bisa uku na majalisun biyu, da amincewar jihohi 38 cikin 50, don haka kowa ya san ba zai wuce ba, kuma a Majalisar Dattawa ya maƙale. Amma ya yi amfaninsa a rumfar zaɓe. Kerry, abokin karawarsa, shi ma ya ce bai yarda a kira abin aure ba; abin da ya goyi baya shi ne rajistar zaman tare, wadda ke ba ma'aurata haƙƙin gado da inshora ba tare da sunan aure ba. A ranar zaɓen, jihohi 11 suka kaɗa ƙuri'ar haramta auren jinsi, har da Ohio, jihar da ta raba gardama tsakanin Bush da Kerry.

Ko a gidan Bush ma baki bai zo ɗaya ba. Mataimakinsa Dick Cheney, wanda 'yarsa ke zaune da mace 'yar'uwarta, ya ce shi a ganinsa a bar wa jihohi.

Da gaske ne Obama ya taɓa cewa bai yarda da auren jinsi ba?

Da gaske ne, kuma a gaban dubban mutane. A watan Agustan 2008, a wani babban coci da ke Kalifoniya, fasto Rick Warren ya tambaye shi ma'anar aure. Obama ya ce haɗuwa ce tsakanin namiji da mace, ya ƙara da cewa a wurinsa na Kirista abu ne mai tsarki. John McCain, ɗan takarar Republican, ya ba da amsa iri ɗaya a wurin a wannan daren. Wanda ya saurari amsoshin biyu kawai zai ce ba su da bambanci.

Bambancin yana ƙarƙashi. Obama ya yi alƙawarin soke DOMA, ya goyi bayan rajistar zaman tare, ya kuma ƙi goyon bayan ƙudurin haramci na jihar Kalifoniya, wanda aka fi sani da lamba 8. McCain ya goyi bayan wannan ƙudurin, sai dai shi ma ya taɓa bijire wa jam'iyyarsa, domin ya ƙi amincewa da gyaran kundin da Bush ya nema, yana cewa hurumin jihohi ne. Sakamakon ranar zaɓen ya nuna yadda ƙasar take a lokacin: Obama ya cinye Kalifoniya da kusan kashi 61 cikin ɗari, kuma masu zaɓen nan dai su ne suka haramta auren jinsi da kashi 52.

To, wanne ne ainihin ra'ayinsa? A 1996, yana neman kujerar majalisar jihar Illinois, ya cike wata takardar tambayoyi ta wata jaridar Chicago inda ya ce yana goyon bayan halatta auren jinsi. Da ya fara hangen manyan kujeru sai ya ja da baya. Da ya shiga Fadar White House ya riƙa cewa ra'ayinsa yana kan sauyawa. David Axelrod, babban mai ba shi shawara kan siyasa, ya bayyana a 2015 cewa tun farko Obama yana goyon bayan abin, ya ɓoye ne bisa shawarar da aka ba shi, saboda gudun ɓata wa majami'un baƙar fata rai. Wato dai ta-ciki na ciki.

Ayyukansa sun riga bakinsa magana. A Disambar 2010 ya sa hannu aka soke dokar soja ta zamanin Clinton, wadda ta ce soja mai neman jinsinsa zai iya aiki matuƙar ya ja bakinsa ya yi shiru. A Fabrairun 2011 Ma'aikatar Shari'arsa ta sanar cewa ta daina kare DOMA a kotu.

Sai ranar 6 ga Mayun 2012, Biden, mataimakin Obama, ya shiga wani shirin talabijin na safiyar Lahadi ya ce shi kam hankalinsa kwance yake da auren jinsi. Ya riga malam masallaci. 'Yan jarida suka yi wa fadar ca, kuma bayan kwana uku, ranar 9 ga wata, Obama ya zauna da tashar ABC ya faɗi nasa. Shi ne shugaban Amurka na farko da ya faɗi haka yana kan mulki.

Mitt Romney fa, wanda ya kara da shi a 2012?

Nasa juyin ya fi na kowa lanƙwasa. A 1994, yana neman kujerar sanata a Massachusetts, ya rubuta wa wata ƙungiyar 'yan Republican masu neman jinsinsu wasiƙa cewa zai fi Ted Kennedy, sanatan Democrat da yake karawa da shi, kare musu haƙƙi. Yana gwamnan jihar aka fara auren jinsi, ya yaƙe shi, har ya tono wata tsohuwar dokar 1913 don hana mutanen wasu jihohi zuwa ɗaura aure a can. A takarar 2012 ya sa hannu a alƙawarin goyon bayan gyaran kundin tsarin mulki. A 2022 kuwa, yana sanatan Utah, yana cikin 'yan Republican 12 da suka kaɗa ƙuri'ar kare auren a dokar tarayya.

Zaɓen 2012 ne kaɗai aka ga 'yan takarar manyan jam'iyyun biyu sun tsaya gaba da gaba a kan auren kansa, wannan ya ce e, wancan ya ce a'a. Kafinsa duka biyun a'a suke cewa. Bayansa kuma kotu ta riga ta yanke.

Idan ba ɗan takara ne ya halatta shi ba, wa ya yi?

Kotun Ƙoli, a shari'o'i biyu, kuma dukansu daga mutuwa suka samo asali.

Edith Windsor ta yi sama da shekara 40 tare da abokiyar zamanta, suka je Kanada aka ɗaura musu aure a 2007. Da matar ta rasu a 2009 ta bar mata gado, hukumar haraji ta karɓi dala 363,053, kuɗin da ba a karɓa daga wanda mijinta ko matarsa ta rasu. Ta kai ƙara, kuma ranar 26 ga Yunin 2013 kotu ta rushe ginshiƙin DOMA da rinjayen alƙalai 5 da 4.

Na biyun, Jim Obergefell, mutumin Cincinnati ne a Ohio. Abokin zamansa John Arthur yana kwance da ciwon da ke kashe jijiyoyin jiki, ba ya iya tashi. Ohio ba ta ɗaura irin wannan aure, don haka 'yan'uwa da abokai suka haɗa kuɗi aka yi hayar jirgin ɗaukar marasa lafiya zuwa Maryland a Yulin 2013. Jirgin ya sauka, ba su ma fito ba, aka ɗaura auren a cikinsa cikin 'yan mintuna, majinyacin yana kan gadonsa, suka juyo gida. Bayan wata uku Arthur ya rasu. Abin da Obergefell ya je kotu nema shi ne a rubuta sunansa a takardar shaidar mutuwa a matsayin wanda mamacin ya bari. Wannan ƙarar ce ta zama hukuncin 26 ga Yunin 2015 da ya wajabta wa jihohi 50 ɗaura auren jinsi, shi ma 5 da 4.

Alƙalin da ya rubuta hukuncin biyu, Anthony Kennedy, Ronald Reagan ne ya naɗa shi, wato ɗan Republican.

Ina Hillary Clinton da Donald Trump suka tsaya a 2016?

Hillary ta bi sawun Obama da jinkirin shekara guda. A 2004 ta tsaya a zauren Majalisar Dattawa ta kira aure alƙawari mai tsarki tsakanin namiji da mace, a takarar 2008 ta tsaya a rajistar zaman tare, sai a Maris ɗin 2013 ta fitar da bidiyo ta goyi bayan auren. Bernie Sanders ya riƙa yi mata gori da wannan a zaɓen fidda gwani, domin shi ya ƙi DOMA tun 1996.

Sauran 'yan Republican sun yi zafi a lokacin. Da aka ɗaure Kim Davis, magatakardar wata ƙaramar hukuma a Kentucky, kwana biyar a Satumbar 2015 saboda ta ƙi ba da takardun auren, Mike Huckabee da Ted Cruz har ƙofar gidan yarin suka je. Trump kuwa ya faɗi abu biyu. A Janairun 2016 ya ce zai duba yiwuwar naɗa alƙalan da za su juya hukuncin. Kwanaki kaɗan bayan ya ci zaɓe ya ce magana ta ƙare, kotu ta yanke, shi ba shi da damuwa.

To Trump yana goyon baya ne ko yana adawa?

A kan auren kansa, ya bar kaza cikin gashinta. Bai taɓa sa soke shi cikin manyan alƙawuransa ba. Ya naɗa Richard Grenell, wanda bai ɓoye cewa namiji yake nema ba, jakada a Jamus, daga baya muƙaddashin shugaban hukumomin leƙen asiri. A 2025 ya ba Scott Bessent, mai auren namiji, Ma'aikatar Kuɗi. Kundin manufofin jam'iyyarsa na 2016 ya yi tir da hukuncin 2015, aka maimaita shi a 2020, amma a na 2024 an cire wannan kalamin.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙa ba. Ya ɗauki Mike Pence mataimaki don ya kwantar wa Kiristoci masu ra'ayin mazan jiya hankali, ya kuma naɗa alƙalai uku a Kotun Ƙoli, biyu daga cikinsu a gurbin waɗanda suka amince da hukuncin 2015. Lauyoyin gwamnatinsa sun tsaya a kotu suna cewa dokar hana wariya a wurin aiki ta 1964 ba ta shafi masu neman jinsinsu ba. Abin dariyar shi ne sun sha kaye 6 da 3 a Yunin 2020, kuma Neil Gorsuch, alƙalin da Trump ya naɗa da hannunsa, shi ya rubuta hukuncin.

Biden da Kamala Harris fa?

Biden ya sa hannu a dokar mutunta aure ranar 13 ga Disambar 2022, wadda ta binne ragowar DOMA da shi da kansa ya zaɓa shekara 26 baya. Ya kuma ba Pete Buttigieg Ma'aikatar Sufuri, mutumin da ya yi takarar fidda gwani a 2020 da mijinsa a gefensa.

Harris kuwa ba a kama ta da baki biyu a kan auren ba, ko da yake daga San Francisco ta fito, inda wannan ra'ayi ba ya jawo asarar ƙuri'a. Ta ɗaura irin wannan aure da kanta a 2004, kuma da ta zama antoni janar ta Kalifoniya ta ƙi kare ƙudurin lamba 8 a kotu.

Idan aure ya wuce, wane daidaito kuma ake ta magana a kai?

Aiki, gidan haya, makaranta, asibiti, shagon kasuwa. 'Yan Democrat suna son doka guda ta tarayya da za ta hana wariya a duk waɗannan wurare. Ta wuce Majalisar Wakilai a 2019 da 2021, ta maƙale a ta Dattawa. 'Yan Republican suna cewa za ta danne mai addini. Misalin da suke kawowa shi ne mai gasa kek na Colorado da ya ƙi yin kek ɗin bikin auren jinsi, ya yi nasara a Kotun Ƙoli a 2018, da mai tsara shafukan intanet ta jihar da ta ci tata shari'ar a 2023. Wannan ce tambayar da ta fi wuya, kuma duk wanda ya ce maka mai sauƙi ce bai zauna ya auna ta ba: ina haƙƙin mai saye ya tsaya, ina na mai imani ya fara?

A 2024 kuwa fagen ya koma kan masu sauya jinsi: wasannin mata, banɗakin makaranta, magungunan da ake ba yara. Yaƙin neman zaɓen Trump ya zuba miliyoyin daloli a tallan talabijin kan wata amsa da Harris ta bayar a 2019, cewa tana goyon bayan gwamnati ta biya kuɗin tiyatar sauya jinsi ga fursunoni. Ranar da aka rantsar da shi, 20 ga Janairun 2025, ya sa hannu a umarnin cewa gwamnatin tarayya jinsi biyu kawai ta sani.

Me ya sa kusan dukansu suka lashe amansu?

Saboda masu zaɓe sun sauya. Kamfanin Gallup ya tambayi Amurkawa a 1996, kashi 27 cikin ɗari suka goyi bayan auren jinsi. A 2011 ya fara haura rabi, kashi 53. A 2022 ya kai 71. Ɗora kwanakin da kowane ɗan takara ya sauya baki a kan waɗannan alƙaluma, za ka ga babu wanda ya yi gaba sosai da jama'a. Sai da rijiyar ta kawo ruwa kowa ya zura gugarsa.

Musulmin Amurka wa suke bi a wannan batu?

Sun rabu. A 2000 da yawansu Bush suka zaɓa, kuma ra'ayinsa kan iyali yana cikin abin da ya ja su. Yaƙin Iraƙi da matsin da ya biyo bayan harin 11 ga Satumba ne suka tura su wajen Democrat. Binciken cibiyar Pew na 2017 ya nuna kashi 52 na Musulmin ƙasar suna ganin al'umma ta karɓi masu neman jinsinsu, daga kashi 27 a 2007, kuma 'yan majalisa Musulmi irin su Ilhan Omar da Rashida Tlaib suna tare da jam'iyyarsu a kai. Wasu malaman can suna raba abu biyu: abin da addini ya haramta, da abin da dokar ƙasar da ba ta addini ba ta ba kowa, dokar da su ma marasa rinjaye suke fakewa a ƙarƙashinta.

A ɗaya gefen, majalisar garin Hamtramck a Michigan, wadda a lokacin duk mambobinta Musulmi ne, ta hana kafa tutar bakan gizo ta masu neman jinsinsu a kan kadarorin gwamnati a 2023, kuma magajin garin na lokacin, Amer Ghalib, ya goyi bayan Trump a 2024. A Maryland, iyaye Musulmi da Kirista sun haɗu sun kai ƙara kan littattafai masu labarin masu neman jinsinsu da ake karanta wa yaransu a firamare, suka yi nasara a Kotun Ƙoli a Yunin 2025. Amma ƙuri'un da Harris ta rasa a Dearborn, garin Michigan mai yawan Larabawa, Gaza ce ta fi cinye su.

Wanda ya ci zaɓen Amurka zai iya tilasta wa Najeriya?

Ba zai iya sauya dokar wata ƙasa ba, sai dai matsin lamba. Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar haramta auren jinsi a Janairun 2014, mai ɗaurin shekara 14, a tsakiyar mulkin Obama. Kerry, wanda ya zama sakataren harkokin waje, ya yi tir da ita, dokar kuma tana nan har yau. Obama ya tayar da maganar a Dakar a 2013 da Nairobi a 2015, Macky Sall da Uhuru Kenyatta suka ba shi amsa a gaban 'yan jarida cewa ƙasashensu ba su shirya wa wannan ba.

Matsin yakan ciji wani lokaci. Biden ya cire Yuganda daga tsarin rangwamen kasuwanci na AGOA bayan dokarta ta 2023. Nijar ma an cire ta a rana ɗaya, amma ita saboda juyin mulki ne. Kuma kada a ɗauka na Democrat ne kawai: gwamnatin Trump ta farko ta sanar a 2019 da wani yunƙuri na ganin ƙasashe sun daina hukunta masu neman jinsinsu, Grenell ne ya jagorance shi.

A Ghana kuwa babu ma abin kwatantawa. A zaɓen 2024, John Mahama da Mahamudu Bawumia kowannensu ya fito ya ce addininsa bai yarda ba.

Auren mace fiye da ɗaya ya halatta ke nan a can?

A'a, haramun ne a doka a dukkan jihohi 50. Alƙalin alƙalai John Roberts ya tayar da wannan tambayar a ra'ayinsa na adawa da hukuncin 2015, inda ya ce hujjojin masu rinjaye za su iya hawa kan auren mata da yawa. Dokar 2022 ta rufe ƙofar a fili, ta ce ba ta shafi auren da ya wuce mutum biyu ba. Babu ɗan takarar babbar jam'iyya da ya taɓa ɗaukar wannan batu.

Za a iya soke hukuncin 2015?

Kotun da ta yanke shi ce kaɗai za ta iya, ko gyaran kundin tsarin mulki. Da ta soke haƙƙin zubar da ciki a Yunin 2022, alƙali Clarence Thomas ya rubuta cewa a sake duba na auren jinsi ma, amma babu alƙalin da ya sa hannu tare da shi a wannan rubutun. Cikin biyar da suka amince a 2015, biyu ne suka rage a kotun, Sonia Sotomayor da Elena Kagan. A 2025 Kim Davis ta nemi a rushe hukuncin, a watan Nuwamba kotun ta ƙi sauraron ƙarar.

Ko da wata rana an rushe shi, dokar 2022 ta tanadi cewa gwamnatin tarayya da kowace jiha dole su amince da auren da aka ɗaura bisa doka a wata jihar. Abin da ba ta tilasta ba shi ne jiha ta ɗaura da kanta. Ohio, alal misali, ba ta goge haramcin da ta zaɓa a 2004 daga kundinta ba, yana nan kwance. Ranar da hukuncin ya faɗi, mazaunin Cincinnati zai sake neman hanyar Maryland, sai dai wannan karon idan ya dawo gida dole jiharsa ta karɓi takardar.